Agege, Ikorodu ko Bakin Tekun Lekki: Ina Ɗan Arewa Zai Sauke Iyalinsa a Legas?

Bayan Babbar Sallah ɗan ƙanwata ya same ni a shago, nan Agege. Shekararsa bakwai a Legas yana harkar gwari a kasuwar Mile 12, albasa da tattasai da attaruhu. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna Funtuwa, yana ganinsu sau biyu ko uku a shekara. Ya ce da ni, "Kawu, na gaji da wannan zama. Ina so in ɗauko su. Wasu sun ce in kama haya kusa da kai, wasu sun ce in sayi fili a Ikorodu, abokaina kuma sun ce duk mai hankali yanzu Lekki ya nufa. Ni kuɗina ba za su yi duka uku ba."

Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gaya masa, har da abin da ban samu sararin faɗa ba a ranar. Mutanenmu sukan fara da tambayar nawa ne ɗaki, nawa ne fuloti. Ni a ganina akwai tambayar da ta riga wannan: ina jama'ar Legas suka cika, ina suke kwarara yanzu, kuma su wane ne ke kwararar? Wanda ya gane wannan zai san inda ciniki yake, inda haya za ta tashi, da inda matarsa za ta samu wadda za ta yi wa sallama.

A 1866, da Turawa suka ƙirga mutanen Ikko, wato tsohon garin Legas, ba su wuce kimanin 25,000 ba. A ƙidayar 1963 birnin ya kai kusan 665,000. An ƙirƙiro jihar a 1967, a ƙidayar 1991 aka samu mutum miliyan 5.7, a ta 2006 kuma miliyan 9.1. Wannan adadi na ƙarshe gwamnatin Legas ba ta taɓa yarda da shi ba, ta ce nata lissafin ya ba ta miliyan 17.5, kuma duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a lokacin ya tuna musun Kano da Legas, don an ba Kano miliyan 9.4. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yau ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na sa birnin sama da miliyan 15, gwamnatin jiha na cewa an haura miliyan 20. Abin da ke rubuce ba musu shi ne rajistar masu zaɓe ta 2023: Legas miliyan 7 da 'yan kai, Kano miliyan 5.9.

Duk wannan taro yana zaune ne a jihar da ta fi kowace ƙanƙanta a Nijeriya, murabba'in kilomita 3,577, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan ruwa ne. Kudu teku ta tare. Tsakiya babban tafkin nan ya raba ƙasar. Saboda haka gari ba shi da inda zai miƙe ƙafa sai ta hanyoyi ƙalilan: arewa ya faɗa cikin jihar Ogun, yamma ya bi hanyar Badagry, gabas kuma ya bi gefen tafkin biyu, Ikorodu ta sama, Lekki da Epe ta ƙasa. Zaɓin da ke gaban ɗan ƙanwata ke nan: ya zauna a tsohon wuri da ya cika, ko ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin gabas.

Akwai wani adadi da nake so duk mai niyyar kawo iyali ya riƙe. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen Legas, a matsakaici, tana haihuwar 'ya'ya 3.4, ita ce mafi ƙaranci a ƙasar, ta Katsina kuma 7.3. Wato ba yawan haihuwa a gida ɗaya ne ya cika Legas ba, matasa ne ke ta shigowa daga ko'ina suna kafa ƙananan gidaje. Maginan gari da masu gidajen haya wannan suka sani, don shi suke gini. Ciki da falo, ko ɗaki biyu, an gama. Idan ka je neman haya, tambayar farko bayan sana'arka ita ce 'ya'yanka nawa. Bahaushen da ya taso a gida mai zaure da tsakar gida da turaka, yana kuma fatan Allah Ya ba shi zuri'a mai yawa, dole ya sa wannan a lissafi tun yana da biyu.

Bari in fara da Agege, tunda nan na fi sani.

Zaman Hausawa a Legas ya tsufa. Tun 1863 wani hafsan Turawa mai suna Glover ya kafa rundunar nan da ake kira Hausawan Glover, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya, kuma tarihin Obalende a haɗe yake da zaman sojojin Hausa. Amma Agege goro ne da jirgin ƙasa suka raya ta. Layin dogo ya tashi daga Legas ya ratsa ta nan, ya haɗe da Kano wajen 1912, gonakin goro kuma suka bunƙasa a kewayen garin. Fatake suka riƙa sauka, ana ɗaure huhu ana lodawa Arewa, ana sauke shanu. Daga nan Zango ya samu, da Sarkin Hausawa, da masallatai da makarantun allo. A nan Markaz, makarantar Larabci ta Shehu Adamu al-Ilori, take, wadda ya fara kafawa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege. A nan babbar mayankar Oko-Oba take. Akwai gidajen da kakan kaka ne ya zo, jikokin ba su da wani gari sai wannan, suna Yarabanci kamar Awori 'yan asalin yankin, suna Hausa da wani karin harshe nasu na kansu.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Agege na da mutum kusan 460,000 a ƙasar da ba ta kai murabba'in kilomita 20 ba. Maƙwabciyarta Alimosho ita ce ta fi kowace ƙaramar hukuma jama'a a jihar, kusan miliyan 1.3 a lokacin. Agege ta riga ta cika tun tuni. Ba sauran daji, ba sauran gona. Abin da ake yi yanzu shi ne a rushe tsohon gida a ɗora bene, kuma duk gidan da aka yi wa haka tsofaffin 'yan hayarsa ba sa iya komawa.

Cikar nan tana da daɗinta. Duk abin da ka kasa a ƙofar gida akwai mai saye. Matar da ke cikin gida tana iya yin fura, ko ɗanwake, ko kitso da lalle, ko ɗinki, yara su kai ko a zo har ɗaki a saya, don masu son irin kayanta suna kewaye da ita. In ta haihu akwai masu zuwa barka, akwai wadda za ta tsaya mata a wankan jego. In an yi rashi, kafin azahar an yi sutura, an samu sahu. Yaro zai je boko da safe, ya je Islamiyya da yamma a wurin malamin da ke jin harshen uwarsa. In rigima ta haɗa ka da wani, akwai fadar Sarki, akwai dattawan da suka san jami'an unguwa shekara da shekaru. Waɗannan abubuwa ba a sa musu farashi, sai ranar da mutum ya rasa su yake sanin nauyinsu. Ga sufuri kuma ya gyaru. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, jirgin Legas zuwa Ibadan yana da tasha a nan, jirgin cikin gari na Jan Layi da aka ƙaddamar a 2024 yana bi ta Agege daga Agbado zuwa Oyingbo, ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba.

Wahalarta ma daga cikar take. Na zauna shekara tara a irin gidan nan mai dogon lungu, ɗakuna jere suna kallon juna, goma sha biyu, banɗaki biyu a ƙarshe. Ƙarfe biyar na asuba za ka tarar da bokitai a layi tun daga ƙofar banɗakin har tsakiyar lungu, kowa ya ajiye nasa ya kama wuri. Matata ta kan tashi kafin kiran sallar farko don ta yi wanka ba tare da ta ratsa ta gaban maza ba. Risho a bakin ƙofa, shanya a kan igiya ɗaya, yara ba wurin wasa sai bakin lambatu. Macen da ta saba da tsakar gidan Funtuwa za ta ji wannan a jikinta tun makon farko. Kuma kuɗin da kake biya duk shekara ba ya dawowa. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma kuɗin dillali da na yarjejeniya da na ajiya suna nan suna jiranka a sama. Mai jarin ɗan ƙanwata ba zai mallaki gida a Agege ba, wannan kam na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye.

Ikorodu wani labari ne. Garin Ijebu ne mai sarautarsa da tarihinsa, ɗaya daga cikin sassa biyar na jihar, tare da Ikeja, Badagry, Ikko da Epe. A 2006 an ƙirga mata mutum kimanin 530,000, a ƙasar da ta ninka Agege sau da yawa. Wanda ya san Ikorodu a lokacin, in ya koma yau ba zai gane hanya ba. Igbogbo, Ijede, Odogunyan, Gberigbe, har zuwa Imota, wuraren da muka sani da rogo da kwakwar manja, duk sun zama unguwanni.

Abin lura shi ne irin mutanen da suka cika ta. Galibi masu iyali ne da haya ta kora daga Ketu, Bariga, Mushin da Shomolu: malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, direbobi, 'yan kasuwa matsakaita. Sun sayi rabin fuloti, sun yi ɗaki biyu sun shiga, suna ƙarawa a hankali. Yawancinsu Yarabawa ne, akwai Ibo da mutanen Edo da Delta, kuma Musulmi suna da yawa ƙwarai a cikin Ijebu, don haka masallaci ba zai yi maka wuya ba. Unguwar da masu gida ke zaune a cikin gidajensu daban take da unguwar 'yan haya. Mutane sun san juna, suna da ƙungiyar masu gidaje, suna haɗa kuɗin taransfoma da na 'yan sintiri. In ka shiga cikinsu ka biya naka, kai ma ɗan unguwa ne. Ga mai son tsakar gida da katanga, inda matarsa za ta sha iska ba mai ganinta, a cikin wuraren nan uku Ikorodu ce kaɗai za ta ba shi wannan da kuɗin ɗan kasuwa matsakaici.

Ga mai harkar gwari kuma akwai ƙarin dalili. Ikorodu a bayan Mile 12 take, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kuma tun 2015 manyan bas-bas na BRT, masu layinsu daban a kan titi, ke bin ta. Sannan duk lokacin da gwamnati ta yi maganar raba wa Mile 12 nauyi, gabas take nunawa. A 2016, bayan rikicin da ya sa aka rufe kasuwar na ɗan lokaci, an yi maganar mayar da ita Imota. A 2022 aka aza harsashin babbar cibiyar kayan abinci a Ketu-Ereyun ta yankin Epe. A Imota ɗin aka buɗe katafaren injin casar shinkafa a 2023. Kasuwa dai tana nan inda take, kuma ba na ba kowa shawarar ya sayi fili don jita-jitar tashin kasuwa. Amma ko ta zauna ko ta tashi, mai gida a Ikorodu bai yi nisa da ita ba.

Sai dai Ikorodu na da abubuwa da za su iya karya mutum, kuma na farkonsu ruwa ne. Kogin Ogun yana shiga tafki ne ta tsakanin Mile 12 da Ikorodu. Idan damina ta yi nisa, wajen Satumba da Oktoba, aka saki ruwa daga madatsar Oyan, unguwannin da ke kwarin kogin, irin su Agiliti, Owode Onirin, Ajegunle ta hanyar Ikorodu da Isheri, sukan sha ambaliya, wani lokaci har da kwalekwale ake shiga gida. Filin da dillali zai nuna maka a watan Fabrairu, busasshe, mai araha, kusa da titi, shi ne wanda zai zama tafki a Oktoba. Araha ba ta ado. Cikin gari da ɓangaren hanyar Shagamu sun fi tudu, amma ko a can sai ka duba jikin katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zanensa.

Na biyu, masu ƙasa, waɗanda ake kira omo onile. Wannan ni kaina na ɗanɗana. Shekarun baya na sayi rabin fuloti a hannun wani dangi, aka ba ni rasit, aka yi addu'a. Ranar da na kawo bulo sai ga wani reshe na dangin, suka ce wanda ya sayar mini ba shi da hurumi. Na sake biya. Da za a zuba harsashi aka zo karɓar kuɗi, da za a yi rufi aka sake zuwa. Jihar ta yi doka a 2016 don hana ƙwacen filaye da irin wannan karɓe-karɓe, kuma ta rage, amma baƙon da ba ya jin Yarabanci, ba shi da lauya, har yanzu shi ne nama. Kada ka biya ko kwabo sai safiyo ya auna, an bincika a ofishin filaye da ke Alausa an tabbatar ba filin gwamnati ba ne, kuma shugaban dangi da manyan rassansa duk sun sa hannu a gaban lauyanka, ba nasu ba.

Na uku shi ne kaɗaici, kuma shi maza suka fi mantawa. Akwai Hausawa a Sabo ta Ikorodu da kewayen kasuwanni, amma da ka yi nisa cikin sababbin unguwanni, sai ka zama kai kaɗai ne a layinku. Kai ka fita tun asuba, kana cikin 'yan'uwa a kasuwa har dare. Ita kuma tana gida da yara, ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turancin buroka, ba wadda za ta aika wa da tuwo. Na san gidaje biyu da matan suka ce a mayar da su Arewa kafin shekara ta zagayo, ba don yunwa ba. Ga cunkoson hanya, don garin gaba ɗaya kusan ƙofa ɗaya yake fita ta Majidun zuwa Mile 12, sai masu bin jirgin ruwa daga Ebute zuwa Tsibirin Legas. Batun tsaro ma a tambaya unguwa-unguwa; mutanen Ikorodu ba su manta da kashe-kashen 'yan ƙungiyar asiri ta Badoo na 2016 da 2017 ba.

Yanzu Lekki, inda idon samari yake.

A 2006 ƙaramar hukumar Eti-Osa, wadda ta haɗa Ikoyi, Victoria Island, Lekki da Ajah, mutum kusan 288,000 aka ƙirga mata. Ibeju-Lekki kuwa ita ce ta ƙarshe a jihar, kimanin 117,000, a ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 400, ƙauyukan masunta da gonakin kwakwa. A wannan ƙasar ce yau matatar man Dangote take, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023, da kamfanin takinsa da aka buɗe a 2022, da tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki da ta fara aiki a 2023. A 2024 aka fara babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba. Abokan ɗan ƙanwata ba su yi ƙarya ba, nan ne kuɗi da jama'a suka fi saurin kwarara.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jama'ar wannan yanki kashi biyu ce, ban da 'yan asalin ƙauyukan. Akwai mazauna rukunin gidaje masu katanga da ƙofa, ma'aikatan banki da kamfanoni da 'yan kasuwa manya. Akwai kuma masu yi musu hidima. Mutanenmu kusan duka a kashi na biyu suke: masu gadi, leburorin gini, direbobin tanka da tirela, masu shayi, masu tura ruwa, 'yan bola-jari, masu kayan miya a baro. Kusan dukkansu maza ne, matasa, 'yan ci-rani, da yawa daga Borno, Yobe, Zamfara, Sakkwato, har da Nijar da Chadi. Ba iyali, ba Zango mai tarihi, ba gidan da za a ce na kakan wane ne.

Na je gaida wani yaron garinmu da ke gadi a bayan Sangotedo. A kangon bene yake kwana, su shida, ba ƙofa ba taga, an kafa buhu an tare iska. Tabarma, butoci, risho ɗaya, igiya da kaya a rataye. Ya ɗebo mini ruwan rijiyar burtsatse in yi alwala, ja-ja-ja da shi, yana ƙarnin ƙarfe. Na sha kuwa sai na leda. Yana samun kuɗi, har ya fi wasu 'yan Agege samu, yana turawa gida duk wata. Amma ranar da mai ginin ya kawo masu fenti, zamansu ya ƙare, sai su nemi wani kangon. Namiji shi kaɗai zai iya wannan. Ba wurin da za a kai mace da goyo ba ne.

Wanda ya ce zai kama gida na sosai a Ajah ko Sangotedo, kuɗin haya zai cinye jarinsa. Wanda ya ce zai raɓa a unguwannin katako na bakin ruwa, ya tuna tarihi. A Yulin 1990 aka rushe Maroko, aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, wurin ya zama unguwar masu hali. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi Otodo Gbame, kimanin mutum 30,000. A gaɓar tekun Legas, duk inda ƙasa ta yi daraja, talakan da ba shi da takarda shi ake fara ɗagawa. Ita ƙasar ma a kwance take, fadama ce da yashi aka cike, ruwan sama na kwana ɗaya yakan shafe tituna kamar yadda aka gani a Yulin 2017, teku kuma tana cin gaɓa, mutanen Okun Alfa sun ga yadda ta cinye musu hanya da gidaje. Filayen da ake tallatawa a Ibeju-Lekki da hoton matatar mai a jiki, da yawansu suna cikin ƙasar da gwamnati ta riga ta karɓe. Sai filin da gwamnati ta yanke wa ƙauye ta buga a gazet, jaridarta ta hukuma, ne ke da tushe, shi kuma ba a sayar da shi da arha. Mai tunanin acaɓa ma ya sani an haramta ta gaba ɗaya a Eti-Osa tun Yunin 2022, tare da Ikeja, Surulere, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu.

Duk da haka ban ce ɗan ƙanwata ya juya wa Lekki baya ba. Yawan bakunan da ke ƙaruwa a can kullum, ga gidajen abinci da otal-otal, ga ma'aikatan kamfanoni, duk albasa da tattasai suke ci, kuma mafi yawan kayan daga Mile 12 ake ɗauko su. Kwandon da zai sayar a bakin tirela da ƙaramar riba, in ya isa Ajah ko Awoyaya kuɗinsa daban ne. Ya samu masu gidajen abinci uku ko huɗu da zai riƙa kai wa kaya da sassafe kafin hanya ta cushe, ko ya sa yaro amintacce a rumfa. Wurin kai kaya ne a gare shi, ya karɓi kuɗinsa ya koma inda iyalinsa suke. Saurayi marar iyali mai sana'ar hannu, walda, tayil, wayarin, tuƙin babbar mota, shi kam ya tafi, shekara biyu ko uku a can za su iya kafa shi.

Wani zai ce ina Ojo da hanyar Badagry? Ojo na da mutum kusan 600,000 a 2006, ga kasuwar Alaba Rago mai tsohuwar jama'ar Arewa, ga hanyar Seme. Ga mai harkar dabbobi ko kayan kan iyaka tana da ma'ana, ko da yake Alaba Rago ta sha wa'adin tashi. Ga ɗan gwarin Mile 12 ta yi nisa, ƙetare gari ne gaba ɗaya. Agbado, Sango, Ibafo da Mowe kuwa Legas ce a aikace, Ogun a takarda. Mai saye a can ya san hukumar da zai bi ba ta Alausa ba ce.

Abin da na ce masa a ƙarshe shi ne ya raba abin gida biyu. Ya ɗauko iyalinsa ya sauke su a Agege tukuna, ko da ciki da falo ne, shekara biyu. A nan matarsa za ta koyi gari cikin mata 'yan'uwanta, ta tsinci Yarabancin cefane, yara su shiga makaranta. Dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, kuma ni ina ganin alheri ne ga 'ya'yanmu, don yaron da ya iya harshen gari ba a yi masa kallon baƙo. Ya yi musu rajistar mazauna jiha ta LASRRA tun da wuri. Ragowar kuɗin kuma kada ya taɓa jarin kasuwa, ya nemi rabin fuloti a tudun Ikorodu, ya kewaye, ya riƙa ɗora bulo a hankali. In da hali su haɗu su uku ko huɗu 'yan kasuwa ɗaya su saya a layi guda, matansu su samu juna, su iya ɗaukar malamin da zai karantar da yara. In kuɗin ba za su kai ga haya da fili a tare ba, haya a Agege ce gaba, fili ya jira. Wanda kuma matarsa haifaffiyar Legas ce, tana jin Yarabanci, ba shi da dalilin tsayawa a Agege, ya wuce Ikorodu kai tsaye.

Ya ce, "Kawu, akwai wani fili da aka nuna mini a waya, mai shi yana gaggawa." Na ce ya bar mai shi ya yi gaggawarsa. Mun yi da shi sai tsakiyar Oktoba za mu je, lokacin da ruwan Oyan ya sauko. Za mu hau BRT daga Mile 12 ranar Litinin da ƙarfe shida na yamma, ya duba agogo da kansa ya ga ƙarfe nawa zai riƙa isa gida. Washegari mu koma da safiyo, mu taka filin da ƙafa, mu kuma tambayi matan layin inda suke ɗibar ruwa.